Kulob ɗin horar da karnuka na unguwa a Ingila: me ake samu, me ba a samu

Wanda ya sayi kare a Ingila, ko ya karɓo shi daga gidan da ake tara karnukan da masu su suka rabu da su, ba ya daɗewa sai likitan dabbobi ko maƙwabci ya ce masa ya kai shi kulob. Da wuya ka sami gari babu irin wannan ƙungiya. Masu karnuka ne na yankin suke haɗuwa su kafa kwamiti, su yi hayar zauren taro na ƙauye ko na coci, ko wani fili mai shinge, suna zuwa sau ɗaya a mako da yamma. Da yawansu suna koyarwa ne bisa tsarin da The Kennel Club ta fito da shi a 1992, mai suna Good Citizen Dog Training Scheme, wanda manufarsa kare ya iya zama cikin jama'a ba tare da ya dami kowa ba. Ita The Kennel Club tun 1873 take, ita ke rajistar karnuka masu asali a Birtaniya, ita kuma ke shirya baje kolin karnuka na Crufts a Birmingham duk watan Maris.

Hukuncina tun daga farko shi ne hidimar ta cancanci kuɗinta, kuma ta fi ɗaukar mai horarwa na kai kaɗai araha nesa ba kusa ba. Amma a san abin da ake saye. A cikin awa ɗayar nan ta mako, hannun mai kare ake gyarawa da bakinsa da lokacin da yake ba da lada. Karen a gida yake koyo, a sauran kwana shida. Duk wanda ya zaci zai miƙa igiya ya koma gefe ya zauna, ya yi asarar kuɗinsa.

Kafin a shiga, akwai abin da za a nema a wajenka. Na farko katin rigakafi. Ɗan kwikwiyo yakan karɓi allurar farko yana da kamar mako 8, ta biyu bayan mako 2 zuwa 4, kuma yawancin kulob ba sa barinsa ya taka zauren sai an kammala, saboda cutar fabo mai sa amai da gudawar jini tana kashe ƙanana da sauri, ƙwayarta kuma tana daɗewa a ƙasa. Na biyu ƙwayar shaida, 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa da ake sakawa ƙarƙashin fatar kafaɗa. Tun 6 ga Afrilu 2016 doka ta wajabta ta ga duk karen da ya kai mako 8 a Ingila da Wales da Sikotland, tarar rashinta tana iya kaiwa fam 500. Na uku, wanda mutane suka fi mantawa, ɗan ƙarfen da ake ratayawa a abin wuya. Dokar 1992 ta ce sai an rubuta sunan mai kare da adireshinsa, ƙwayar shaida ba ta ɗauke wannan ba. Mutane sukan rubuta sunan karen da lambar waya kawai su ɗauka sun gama, sai ranar jarrabawar tsarin a gaya musu ba su cika sharaɗi ba.

A yi rajista tun kafin a kawo ɗan kwikwiyon gida. Kulob masu kyau suna da layi, kuma lokacin da kwikwiyo ya fi saurin sabawa da mutane da ƙara da sauran karnuka gajere ne, daga mako 3 zuwa wajen mako 12 ko 14. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, a nan kuwa ɗanyantakar makonni ce kawai.

Kayan da za a zo da su ba su da yawa. Abin wuya mai faɗi wanda yatsu biyu ke shiga tsakaninsa da wuyan kare: in ya fi haka sakwa-sakwa, kare zai ja da baya ya zare kai. Igiya mai tsawon mita ɗaya da rabi zuwa biyu, ta fata ko ta zare. Igiyar nan mai naɗe kanta cikin akwatin roba yawancin masu koyarwa ba sa son ta a aji, kuma da gaskiyarsu, domin kullum a ɗame take, tana koya wa kare cewa ja shi ke ƙara masa nisa, siririn zarenta kuma yana yankan yatsa da ƙwauri. Sai ledojin kwashe kashi, da 'yar shimfiɗa, da abin lada.

Abin ladan nan ya kamata a tsaya a kansa, don a nan sababbi ke fara faɗuwa. Busasshen abincin da kare ke ci kullum ba ya aiki a zauren da ke cike da warin wasu karnuka. Ana son abu mai laushi mai ƙamshi, dafaffiyar kaza ko hanta ko cuku, a yayyanka kamar ƙwayar wake, a zo da kamar guda 50 ko fiye. Ƙanƙantarsa ce ke sa kare ya haɗiye nan take ya ɗago kai. In lomar ta yi girma, zai tsaya tauna, ya zubar da ɓarɓashi, ya shiga shinshinar ƙasa, darasi ya tsinke. A rage masa abincin dare gwargwadon abin da ya ci a aji, kada a kawo shi da cikakken ciki, kuma jimillar lada kada ta wuce kashi ɗaya cikin goma na abincinsa na yini. Kada a kuskura a sa albasa ko cakulan ko inabi ko zabibi, duk guba ne gare shi.

Aji yakan ɗauki minti 45 zuwa awa ɗaya, zango kuma mako 6 zuwa 8 a mafi yawan wurare. Darasin farko ba shi da ban sha'awa ga mai kallo: ka kira sunan kare, ya dube ka, ka ce kalmar yabo guda, ka ba shi lada. Amma duk sauran a kansa aka gina su. Kare yana haɗa lada ne da abin da ya yi cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu da suka wuce. Ka ce ya zauna, ya zauna, kai kuma ka tsaya laluben aljihu, kafin ka fito da naman ya miƙe, to miƙewa ka biya. Shi ya sa ake koyar da kalmar alama, gajeriya kamar “yauwa”, ko ɗan abin dannawa mai ƙara ƙas, a yi ta daidai lokacin da ɗuwawunsa ya taɓa ƙasa, nama ya biyo baya. Mai koyarwa nagari idonsa na kan hannunka, ba kan karen ba, kuma zai gaya maka kai tsaye cewa ka makara. Wannan gyaran shi ne abin da bidiyon intanet ba zai iya yi maka ba, shi ne ainihin abin da kake biya.

Harshe ba matsala ba ne. Kare bai san Turanci ba, sauti yake riƙewa. “Zauna”, “kwanta”, “tsaya”, “zo”, “bari” duk suna aiki, muddin kowa a gidan kalma ɗaya yake faɗa wa abu ɗaya, kuma sau ɗaya. Mai maimaita “zauna, zauna, zauna” yana koya wa karensa ya jira ta uku ne.

Tafiya da igiya a sake ita ce ta fi cin lokaci. Ƙa'idar mai sauƙi ce: igiya ta ɗame, ka tsaya cak ko ka juya baya; ta saki, ku ci gaba, lada kuma a ba shi daidai gefen ƙafarka, inda kake son kansa ya kasance. Abin da ke ɓata ta shi ne rashin ɗorewa. Da yamma a aji ana tsayawa, da safe ana sauri za a tafi aiki sai a bar shi ya ja har wurin shaƙatawa. Kare ya gane cewa wani lokacin ja yana biya, kuma abin da ke biya jefi-jefi ya fi wuyar bari. Dabarar da ke taimakawa ita ce a raba kaya: ranar sauri a ɗaura igiya a ɗamarar ƙirji, ranar koyo a ɗaura ta a abin wuya, har ya bambanta.

Kira kuwa, wato ya dawo in an ce zo, shi ne darasin da ke ceton rai a bakin titi. Ana farawa a gida da taku biyu ko uku, sannan a fita da doguwar igiya mai mita 5 zuwa 10, a ɗaura ta a ɗamarar ƙirji, ba a wuya ba, don in ya zabura ya kai ƙarshenta da gudu zai iya jin ciwo a wuya. Kuskure uku ke kashe kira. Kiran kare don a yi masa faɗa. Kiransa sai lokacin komawa gida kawai, har ya fahimci cewa “zo” na nufin wasa ya ƙare. Da binsa a guje, wanda shi a wajensa tsere ne mai daɗi. A kira shi sau da yawa a tsakiyar yawo, a kama abin wuyansa, a ba shi lada, a sake shi ya koma wasansa.

Matakan tsarin huɗu ne. Na kwikwiyo, ga waɗanda ba su wuce wata 12 ba, babu jarrabawa ta rana ɗaya, mai koyarwa ne ke duba ci gaba mako-mako. Sai tagulla, azurfa, zinare. A tagulla ana duba abu goma, daga ciki akwai tafiya da igiya, bin ƙofa ba tare da ya ture ka ya fice ba, ratsawa tsakanin mutane da karnuka, tsayawa wuri ɗaya minti ɗaya, barin a taje shi a duba jikinsa, dawowa in an kira, da tambayoyin baka ga mai shi kan kula da kare. A azurfa tsayuwar ta koma minti biyu, an ƙara tafiya a gefen titi na gaske, shiga mota da fita cikin natsuwa, gaisawa da baƙo ba tare da ya daka masa tsalle ba, da kawar da kai daga abincin da mutum ke ci. Zinare ya fi nauyi: tafiya a gefenka babu igiya, tura shi shimfiɗarsa, tsayar da shi daga nesa da umarni ɗaya, kwanciya har ka ɓace masa na rabin minti, da barinsa shi kaɗai na 'yan mintuna ba haushi ba kuka. Wanda bai ci ba, ba a rubuta masa ya faɗi, ana cewa bai shirya ba tukuna, ya sake zuwa. Wannan ya yi mini daidai, domin yana hana mutane huce takaici a kan kare. Tsarin kuma a buɗe yake ga kowane kare, mai asali da gauraye.

A cikin goman nan na tagulla, wanda aka fi rainawa shi ne ya fi amfani: duba jiki. Ana ɗaga leɓe a ga haƙora, a leƙa kunne, a riƙe kowace ƙafa, a shafa ciki da wutsiya. Karen da ya saba da wannan tun yana ƙarami ba ya cizon likita, ana iya cire masa kaska ko ƙaya ba kokawa. A yi shi daƙiƙa uku-uku, taɓawa ɗaya lada ɗaya. In ya janye ƙafa, a sake ta, a koma inda ya yarda.

Musulmi zai so ya san cewa wannan darasin da ba da lada da hannu ba sa yiwuwa sai yawu ya taɓa ka. Malaman Malikiyya ba su ɗauki kare mai rai a matsayin najasa ba, na Shafi'iyya da Hambaliyya sun fi tsanantawa, kowa ya san wadda yake bi. A aikace, a ware tufafin zuwa aji daban, ana iya jefa lada a ƙasa ko a miƙa ta da cokali, mai koyarwa mai hankali ba zai hana ba. A kuma duba lokacin Magariba kafin a zaɓi aji, domin a Ingila tana faɗuwa wajen ƙarfe 4 a Disamba, ta wuce ƙarfe 9 a Yuni, a tsakani kuma sai ta faɗo tsakiyar ajin yamma.

Yanzu ga inda hidimar ke da rauni.

Babu dokar da ta ce sai mutum ya yi karatu kafin ya kira kansa mai horar da karnuka a Birtaniya. Masu koyarwa a kulob yawanci 'yan sa-kai ne. Akwai waɗanda suka shekara talatin suna yi kuma suna sabunta iliminsu, akwai waɗanda suka tsaya a kan fizgar sarƙa da tsawa da maganar sai ka nuna wa kare kai ne shugaba. Tambarin tsarin a ƙofa yana nuna abin da za a koyar, bai ba da tabbacin yadda za a koyar ba. Fizga tana tsayar da abu nan take, shi ya sa take burge mai kallo, amma in aka fizgi kare duk lokacin da ya ga wani kare, abin da yake koya shi ne ganin kare na jawo zafi. Wanda kuma aka daka don ya yi gurnani yakan daina gurnanin, ya koma cizo ba gargaɗi. Abin wuya mai jan lantarki an haramta shi a Wales tun 2010. Duk kulob ɗin da ya ba ka shawarar sa, ka nemi wani.

Cunkoso shi ne na biyu. Karnuka shida zuwa takwas ga mai koyarwa ɗaya da mataimaki, wannan aji ne. Goma sha biyar a ƙaramin zaure mai amsa-kuwwa da daɓe mai santsi, wannan hayaniya ce, kuma karnuka masu tsoro ne ke biyan kuɗinta. Alamun a fili suke ga wanda ya sani: hamma ba barci, lasar leɓe, kawar da kai, farin ido ya bayyana, wutsiya a maƙale, da ƙin karɓar naman da yake hauka a kai a gida. Karen da ya ƙi nama ya daina koyo. Maganinsa tazara: a ja shi kusurwa, a sa masa shamaki, ko a fita da shi minti biyar. Haka nan sakin 'yan kwikwiyo duka a lokaci ɗaya wai su yi wasa: in ba a haɗa su bibbiyu bisa girma da hali ba, mai ƙarfi yana koyon cin zali, ƙarami yana koyon tsoro.

Na uku ba laifin kulob ba ne kaɗai, amma kaɗan ne ke bayyana shi yadda ya kamata. Kare ba ya ɗaukar darasi daga wuri ya kai wani wuri da kansa. Wanda ke kwanciya minti biyu a zaure zai iya yin kamar bai taɓa jin kalmar ba a bakin kanti. Sai an maimaita a kicin, a lambu, a titi marar mutane, sannan mai mutane, kuma kowane sabon wuri a sauƙaƙa. Abu uku ake ƙarawa: tsawon lokaci, nisa, da abin da ke ɗauke hankali, ɗaya bayan ɗaya, ba tare ba. Minti biyar sau biyu ko uku a yini sun fi awa guda ranar Lahadi. Daga wata 6 zuwa wajen wata 18 kuma kare na balaga, sai ka ga abin da ya iya ya zube. Lokacin ne mutane suka fi daina zuwa, alhali lokacin ne suka fi buƙatar ajin.

Akwai waɗanda ajin taro bai dace da su ba sam. Karen da ya taɓa cizo, ko mai zabura kan kowane kare, likita ya fara duba shi, don ciwon kunne ko haƙori ko gaɓa yakan sauya hali, sannan a tura shi wurin masanin halayyar dabbobi. Mai neman karen gadi da zai kai hari shi ma ba nan ne wurinsa ba. A ƙarƙashin dokar karnuka masu haɗari ta 1991, wadda aka faɗaɗa a 2014, laifi ne karenka ya fi ƙarfinka ya tsorata ko ya raunata mutum ko da a cikin gidanka ne, har da mai kawo wasiƙa. Mai karen nau'in XL Bully kuwa, tun 1 ga Fabrairu 2024 sai da takardar izini ta musamman a Ingila da Wales, da takunkumi da igiya a bainar jama'a, don haka ya tambayi kulob tun da wuri ko inshorarsu ta yarda a karɓe shi. Sabar wa kowane kare da takunkumi abu ne mai kyau: irin mai kama da kwando, wanda zai iya haki da shan ruwa a ciki, a shafa abinci a cikinsa ya riƙa sa hancinsa da kansa kwanaki kafin a fara ɗaurewa.

Abin da ke riƙe mutane shekaru bayan sun karɓi takardunsu shi ne zaman tare. Ana shan shayi tsakanin aji da aji, a nan ake jin wane likita ne ke buɗewa da dare, wa zai riƙe maka kare in tafiya ta kama ka. Ana fita yawon taro, inda karnuka ke koyon tafiya kusa da juna ba sai sun gaisa ba. Da rani ana nuna gwaninta a bukukuwan ƙauye, a tara kuɗi ga gidajen ceton karnuka. Kafin daren wasan wuta na 5 ga Nuwamba ana koya wa sababbi yadda za su saba wa kare da ƙarar tun makonni kafin ranar, da sauti ƙasa-ƙasa, su fita da shi kafin duhu, su rufe labule. Masu ƙwazo suna wucewa wasan tsallake shingaye da ratsa rami da saƙa tsakanin sanduna, wanda aka fara nunawa a Crufts a 1978. Ba a shiga gasarsa sai kare ya kai wata 18, saboda gaɓoɓin da ba su gama ƙwari ba tsalle na lalata su. Akwai tseren ɗauko ƙwallo na karnuka huɗu-huɗu, akwai aikin hanci, inda kare ke neman wani ƙamshi da aka ɓoye, wanda ya fi dacewa da tsofaffi da masu tsoro. Yara da matasa 'yan shekara 6 zuwa 24 suna da nasu reshen, Young Kennel Club. Duk wannan a wuyan 'yan kwamiti yake, su ke buɗe zaure, su share, su riƙe asusu, don haka za a so ka taya jera kujeru da goge ƙasa in karenka ya yi fitsari.

Kafin ka biya ko kwabo, ka nemi izinin zuwa kallo ba tare da karenka ba, gani ya kori ji. Ƙirga karnuka da masu koyarwa. Dubi tazarar da ke tsakaninsu, da ko akwai shimfiɗar roba a daɓen. Saurari muryoyi: ta yabo ta fi yawa ko ta tsawa. Ka lura da abin da ake yi wa karen da ya fi kowa haushi, ko an ba shi fili da abin yi, ko an bar mai shi yana fama shi kaɗai. Sannan ka tambayi mai koyarwa me yake yi in kare ya yi daidai, me yake yi in ya yi kuskure, da ko ana ba da aikin gida a rubuce kowane mako. In ya ƙi a zo kallo, ka nemi kulob na gaba.